Yadda za ka zaɓi ƙaramar kyamara mai canjin lensi don tafiya da hotunan yau da kullum

Kusan duk sati sai wani ya tare ni ko ya turo saƙo, "Malam wace kyamara zan saya?" Wani Umara zai tafi, wani ɗalibi ne a Aliero shina son ya fara ɗaukar hoton suna da walima ya samu na kashewa, wata kuma atamfa da turaren wuta take sayarwa tana son hoton kayanta ya fi na waya kyau. Bakina ya gaji da maimaita magana ɗaya, to ga shi na zauna na rubuta gaba ɗaya, wanda ya tambaye ni sai in miƙa mishi.

Ni kaina da babbar kyamara na fara, irin DSLR ɗin nan mai madubi a ciki da lensi kamar taɓarya. Hoto kam tana yi ba laifi, amma sai na lura duk tafiyar da zan yi, Yauri ne ko Zuru ko Sakkwato, a gida nake barinta saboda nauyi da kuma yadda take jawo ido a tasha da shingen hanya, in ƙare da ɗaukar hoto da waya kamar kowa. Kuɗina kwance cikin akwati. Wanga dalili ne ya sa na koma ƙananan da babu madubi a cikinsu, waɗanda ake cire lensi a sa wani. An cire madubin da ke kai haske zuwa ido ne, sai jikin ya ƙanƙance, abin da kake gani a sikirin shi ne abin da sensa, wato farantin da ke ɗaukar hoton, ke gani kai tsaye. Panasonic ne suka fara fitar da irinta a 2008, yanzu kuwa kusan duk kamfanonin sun koma can. Tun lokacin na saya wa kaina na sayar, na kuma raka mutane da yawa saye, to abin da na koya ke nan.

Abin da za ka tanada kafin ka doshi kasuwa

Kuɗi tukuna, amma kar ka ɗauka duk na kyamara ne. Ni nakan ce ka raba su, wajen rabi na jikin kyamara, kashi ɗaya cikin uku na lensi, sauran na batir da memori da jaka. Ba zan faɗi farashi ba don kayan nan dala suke bi, abin da na rubuta yau wata mai zuwa ya zama ƙarya. Sai katin memori naka na kanka wanda ka yarda da shi, da waya mai caji da data da tocila mai haske, da farar takarda guda ɗaya wadda ba a yi rubutu a kai ba, da ɗan abin karanta memori da ake soka wa waya, in kana da laftof ma ya fi. Ka tafi da jakar da kake yawo da ita kullum, za ka ga amfaninta a gaba. In da hali ka ɗauki wani mai hoto ya raka ka, ko da na situdiyon unguwarku ne, ka ba shi na mai. In babu, kar ka damu, mataki na 7 zai tsaya maka a madadinsa.

1. Buɗe wayarka ka ga mi kake ɗauka

Kar ka fara da kallon bidiyon masu tallan kyamara, za su ruɗa ka. Buɗe hotunan wayarka ka duba na wata shida da suka wuce. Mi ya fi yawa? In yara ne suna guje-guje a tsakar gida, kana buƙatar wadda ke kama fokas da sauri. In taron dare ne, kamu da walima a ƙarƙashin fitilar janareto, to lensi mai shan haske shi ne maganarka. In kai mai yawo ne, gonakin shinkafa a fadama, kwale-kwale a Yauri, dutsen Kwatarkwashi, to rashin nauyi da faɗin hoto ne a gaba. In kuma bidiyo kake yi na Facebook da TikTok, ka nemi mai sikirin da ke juyowa gaba da ramin soka makirfo. Rubuta abu biyu da suka fi yawa a takarda. Duk abin da mai shago zai gaya maka daga baya, da waɗannan biyun za ka auna shi.

2. Girman sensa, ba yawan megafiksel ba

Sensa ita ce farantin da haske ke sauka a kai, ita ta maye gurbin fim na da. Iri uku za ka tarar. Akwai ƙaramar da ake kira Micro Four Thirds, milimita 17.3 da 13, ta Olympus da Panasonic. Akwai matsakaiciya APS-C, wajen milimita 23.5 da 15.6, ita ce a yawancin ƙananan Sony da Fujifilm da Nikon, ta Canon ta ɗan fi ƙanƙanta kaɗan. Sai babba mai milimita 36 da 24, daidai girman fim na da. Ƙa'idar mai sauƙi ce, in sensa ta girma hoton dare ya fi tsabta kuma bayan mutum ya fi narkewa, amma lensinta ma girma yake da tsada. Mutane na ganin jikin babbar ba wani girma sai su saya, sai an zo lensi su ga sun koma gidan jiya.

Don tafiya da yau da kullum ni dai APS-C nake ba mutane shawara, in kuma rashin nauyi ne ya fi damunka ka ɗauki ƙaramar, wallahi da rana tsaka ba mai bambance hotonsu sai ƙwararre ya zauna shina tono. Batun megafiksel kuwa, 16 zuwa 24 ya ishe ka har ka wanke babban hoton bango ko kalanda. Hoton da za ka tura ta WhatsApp ya matse shi ya koma ɗan mitsitsi, mi za ka yi da 60? Sai cika memori da wahalar da waya.

3. Zaɓi gida kafin ka zaɓi kyamara

Nan ne mutane suka fi yin asara. Kowane kamfani yana da nashi bakin da lensi ke zama, na wanga ba ya shiga na wancan. To ranar da ka sayi kyamara kamar ka yi aure ne a gidan, duk lensin da za ka saya nan gaba na danginsu ne. Jiki kana iya canzawa bayan shekara uku, lensi kuwa shi ke daɗewa da kai.

Sony masu bakin E, irin a6000 da ta fito a 2014 da a6100 da a6400 ta 2019, su ne na fi gani hannun masu hoto a ƙasar nan, ma'ana batir da caja da lensi na hannu ba sa wuyar samu, kuma Sigma da Tamron suna yi musu lensi mai sauƙin kuɗi. Fokas ɗin a6400 yana bin idon mutum kamar maye, sai dai menu ɗinsu sai ka yi haƙuri da shi. Canon na yanzu bakin RF ne, irin R50 da R10, suna da sauƙin koyo kuma launin fatar mutum yana fita da kyau, in kana da tsofaffin lensin Canon na DSLR adafta kawai za ka saya su ci gaba da aiki. Nikon Z50 tana da daɗin riƙo a hannu, ita ma akwai adaftar tsofaffin lensinsu. Fujifilm irin X-T30 da X-S10 launinsu na fitowa a gyare ba sai ka zauna gaban kwamfuta ba, amma ko na hannu suna riƙe tsada, kuma a nan yankinmu kayansu sai an yi oda. Olympus, wanda tun 2021 sashen kyamararsu ya koma wani kamfani da ke amfani da sunan OM System, su da Panasonic bakinsu ɗaya, lensin wannan na shiga wancan, kuma su ne suka fi kowa ƙananan lensi.

Gargaɗi babba, akwai gidajen da aka rufe. Canon EOS M, irin M50 da ta cika kasuwa da araha, an daina yi musu sabbin kaya, kuma lensinsu ba ya hawa sabbin RF. Haka Nikon 1, haka Samsung NX. Ba wai ba sa hoto ba ne, M50 na hoto sosai, in ka same ta da araha kuma ka san da lensi ɗaya ko biyu za ka zauna har ta mutu, ɗauki abarka. Amma in niyyarka ka girma a sana'ar, kar ka gina a filin da aka riga aka ce ba hanya.

4. Lensi

Lambar milimita da ke jikin lensi tana gaya maka faɗin abin da zai ɗauko. Ƙaramar lamba faɗi, babbar lamba jawo nesa. Sai dai lambar tana canza ma'ana da girman sensa, a APS-C ka ninka da 1.5, a Canon 1.6, a Micro Four Thirds ka ninka biyu, shi ne za ka samu daidai da na babbar sensa. Babbar kyamarar wayarka tana wajen 24 zuwa 26 a wanga ma'auni, to ka riƙe wannan a kai don kwatance.

Lensin da ke zuwa tare da kyamara, 16-50 a Sony da Nikon, 18-45 a Canon, 14-42 a Olympus, mutane na raina shi, ni ban raina shi ba. Da shi za ka fara, ƙarami ne, shina ɗaukar ɗaki da kasuwa da hoton mutum tsaye, da rana ba ya ba da kunya. Inda yake gazawa shi ne bayan magariba, saboda ƙofar haskensa ƙarama ce. Ita ƙofar haske ita ce lambar da ke bin harafin f, kuma a juye take, f/1.8 ta fi f/5.6 buɗewa nesa ba kusa ba. To lensi na biyu da zan ce ka saya shi ne wanda ba ya zum, mai f/1.8 ko f/1.4, kamar 35 a APS-C ko 25 a Micro Four Thirds, ko Sigma 30 f/1.4 da masu hoton biki ke so. Ranar da ka ɗaura shi ka ɗauki tsohuwarka zaune bakin ƙofa da yamma, ranar za ka gane dalilin da ya sa ka bar waya. In kuma so kake kyamarar ta shiga aljihun babbar riga, akwai masu faɗi kamar waina, Panasonic 20 f/1.7 ko Fujifilm 27 f/2.8.

Na uku, mai jawo nesa, wannan sai in kana da buƙata. Wanda ya taɓa tsayawa bakin Matan Fada ranar kamun kifi na Argungu ya san ba ka isa ka matsa kusa ba, dubban mutane da homa da gora sun faɗa ruwa lokaci ɗaya kai kuma kana can bayan igiya. Nan ne 55-210 na Sony ko 40-150 na Olympus ke biyan kuɗinsu, shi na Olympus ɗin ma nauyinsa bai kai giram 200 ba amma shina jawowa kamar 300 a babbar sensa. Haka hawan sallah, haka tseren kwale-kwale na Rigata. In ba ka zuwa irin wuraren nan ka bar shi tukuna. Kuskuren da na fi gani shi ne mutum ya kwashe kuɗinsa duka a jiki mai tsada sai ya ƙare da lensi ɗaya na shekara biyar. Gara tsohon jiki da lensi biyu masu kyau.

5. Abubuwan da ƙasarmu ke buƙata, waɗanda masu talla ba sa faɗa

Na farko maleƙa, wato ɗan ramin da kake kafa ido a kai. Akwai ƙananan da aka cire musu shi don su ƙara ƙanƙanta, irin Nikon Z30 da Sony ZV-E10 da Fujifilm X-M5 da yawancin Olympus PEN. A ƙasar da rana ke da sauƙi ba matsala, amma a Birnin Kebbi ƙarfe ɗaya na rana a watan Afrilu sikirin ba ka ganin komai a cikinsa sai fuskarka. In ba bidiyon ɗaki kawai za ka yi ba, kar ka sayi marar maleƙa.

Na biyu wuta. Ƙananan nan suna shan batir fiye da DSLR don sikirin da sensa kullum a kunne suke, yawancinsu hoto 300 zuwa 400 ne batir ya ce ga garinku. To ka tabbata wadda za ka saya tana caji ta USB, yadda fawabank ko cajar mota ko ɗan sola zai cika ta. Sony a6000 da a6400 suna yi, Z50 tana yi, R50 tana yi amma tana son caja mai ƙarfi irin ta sabbin wayoyi, M50 kuwa sai an cire batir an sa a cajar bango. Wanda ya kwana uku a ƙauye ba nefa ya san abin da nake nufi. In wadda ka samu ba ta yi, akwai ƙananan cajojin batir da ke aiki da USB, ka nemi na lambar batirinka.

Na uku maganin rawar hannu. Wasu a jiki yake, kamar kusan duk Olympus da X-S10 da a6600, wasu kuma a lensi kawai, za ka ga an rubuta OSS ko IS ko VR ko OIS. A a6400 da R50 da Z50 da X-T30 babu a jiki, lensin da ke zuwa da su ne ke da shi. Yana taimakawa a hoton dare da bidiyon hannu, amma fa rawar hannunka yake gyarawa, ba ya tsayar da yaron da ke gudu.

Na huɗu ƙura da zafi. Akwai waɗanda aka toshe musu kafofi da roba saboda ƙura da yayyafi, kamar Olympus E-M5 da OM-5 da Fujifilm X-T3 da X-T4 da X-T5, sai dai sai lensin ma irin toshashshen ne abin ke cika. In kuɗinka ya kai, a nan yankin abu ne mai amfani, in bai kai ba jaka mai zif da kula sun wadatar. Zafi kuwa a bidiyo ne yake cizo, ƙaramin jiki in ka sa shi 4K a rana lokacin bazara da zafi ke haura digiri 40, zai iya nuna alamar zafi ya kashe kansa ana tsakiyar ɗaurin aure. Ka sauko 1080, ka janye sikirin daga jikin don iska ta shiga, ka nemi inuwa.

Daga nan sai ka fito da jakar nan taka. Saka kyamarar da lensinta a ciki tare da abin da ka saba ɗauka. In ba ta shiga ba, ko ka ji kafaɗa ta fara ƙorafi, to wagga ma gida za a rinƙa barinta.

6. Sabuwa ko ta hannu

Sabuwa a kwali da rasit da garanti ta fi kwanciyar hankali, ba gardama. Amma yawancinmu Landan-yus muke saye, kuma ba aibu ba ne, kyamarar 2016 ko 2019 har yau tana hoton da ya fi na waya mai tsada. A Kebbi da Gusau ba kasafai za ka samu zaɓi ba, yawanci sai Kano ko Abuja ko Legas, ko hannun mai hoton da zai canza tashi. Wannan na ƙarshen ma na fi so in ka san mutumin, don ka san inda za ka same shi gobe. In ta intanet ne, kar ka tura kuɗi duka don an turo maka hoto mai kyau. Ka sa wani naka a garin ya je ya gani da ido ya gwada, ko a yi kiran bidiyo a kunna ta a gabanka a nuna maka lambar jikinta. Wanda ya ce maka sauri yake wani na jira, bar wa wanin.

7. Gwaji a gaban mai sayarwa

Kar ka ji kunya, minti ashirin ne, kuma mai kayan kirki ba ya jin haushin gwaji.

Fara da harshe. Shiga menu ka ga ko akwai Turanci. Wasu kyamarorin da aka yi don kasuwar Japan, musamman Sony da Panasonic, Japananci kawai ke cikinsu ba a canzawa. Na taɓa karɓo wa wani abokina irinta da araha ina murna, muka dawo gida muka zauna muna kallon zane-zane, da ƙyar aka karɓa aka canza muna.

Sai sensa. Sa kyamarar a harafin A ko Av, wato inda kai ke zaɓar buɗin ƙofar haske, kai lambar f zuwa 16 ko 22, ka ɗauki farar takardar nan ta cika hoton, kana ɗan motsa hannu ma ba komai. Buɗe hoton ka zuƙo shi ka bi kusurwa-kusurwa. Ɗige-ɗige masu duhu ƙura ce, ana sharewa, kana iya neman ragi da ita. Amma dogon layi ko tabo mai kaifi ƙarzuwa ce, wani ya goge da abin da bai dace ba, wannan ajiye musu kayansu. Ka rufe lensin da murfi ka ƙara ɗauka, hoton ya fito baƙi ƙirin, in ka ga ɗigon ja ko kore da yawa da ba sa motsi ka yi tunani.

Lensi kuma cire shi ka haska tocila ta baya kana leƙawa ta gaba. Ƴar ƙura kaɗan kowane lensi na da ita. Abin gudu shi ne farin abu kamar saƙar gizo ko hazo a cikin gilashin, wannan fumfuna ce, tana yaɗuwa kuma gyaranta wahala. Juya zum daga farko zuwa ƙarshe ka ji ko akwai inda yake cijewa ko ƙarar yashi.

Sai ka sa memorinka ka ɗauki hoto kusa da nesa, ka sa wani ya tako zuwa gare ka ka danne maɓalli ta yi ta harbawa, ka ga ko fokas na bin shi. Danna kowane maɓalli, murza kowace ƙafa, ɗaga filasha, soka caja ka ga tana shiga, yi bidiyon minti biyar ka saurari sauti. Duba ƙananan sukurorin jiki, in kansu ya cinye an taɓa buɗe ta. Leƙa ɗakin batir ko akwai tsatsa ko farin gari, alamar ruwa ke nan. Shi ma batirin ka ɗora shi kan tebur, in ya kumbura ba ya zama daidai a canza maka.

Na ƙarshe yawan harbi. Shota, wato labulen da ke buɗewa ya rufe a duk harbi, tana da iyakar rayuwa kamar injin mota, yawancin ƙananan nan ana ƙiyasta musu 100,000 zuwa sama. A Sony da Nikon lissafin na cikin bayanan hoton, akwai shafukan da za ka ɗora hoto ɗaya da ba a taɓa ba su gaya maka. Wadda ta yi 10,000 ko 20,000 yarinya ce. Wadda ta yi shekaru a hannun mai hoton biki ta haura 100,000 sai in farashin ya faɗi sosai. In ba data ko ba a iya ganin lissafin, dubi robar riƙo da rubutun maɓallai, in sun shuɗe sun yi sulɓi ta sha aiki ko da an ce maka wata Baturiya ce ta ajiye ta a durowa. Ka karɓi rasit da lambar jikin a rubuce, saboda kayan sata na yawo.

8. Kayan rakiya

Batir biyu aƙalla bayan na ciki. Memori kuma ka nemi mai alamar U3 ko V30 in za ka yi bidiyo, kuma gara 64 guda biyu da 128 guda ɗaya, in ɗaya ya lalace ba ka rasa komai duka ba. Jabun memori ya cika kasuwa, an rubuta 128 alhali cikinsa bai kai 16 ba, zai yi ta nuna shina ajiyewa sai ka zo buɗewa ka tarar da wayam. Ya taɓa cin min hotunan wani suna gaba ɗaya, har yau in na haɗu da mai gidan sai in sunkuyar da kai. Kafin ka yarda da sabon kati ka cika shi dam da bidiyo ka buɗe na farko da na ƙarshe, ko ka gwada shi da H2testw a kwamfuta. Kuma a cikin kyamarar za ka yi mishi fomat, ba a waya ba.

Sai ɗan famfon roba na hura iska, da ƙyallen goge gilashi, da filta marar launi da za a ɗaura a gaban lensi ta tare yashi, gara ita ta ƙarje da shi. Ƙananan ƙunshin nan na shan danshi da ke zuwa cikin kwalin takalmi, daina zubarwa, tara su ka zuba a robar abinci mai murfi ka rinƙa ajiye lensi a ciki da damina. Jaka kuwa ni na fi son wadda ba ta yi kama da ta kyamara ba, tsohuwar jakar rataye da ka sa wa soso a ciki ta fi mai tambari da ke gaya wa kowa abin da ke ciki.

9. Satin farko, da ranar tafiya

Kar ranar tafiya ta zama ranar koyo. Sati ɗaya kafin nan ka rinƙa fita da ita kullum. Sa ta a A ko Av, bar ISO, wato ƙarfin jin hasken sensa, a kan oto amma ka yi mishi iyaka 3200 ko 6400, ka kunna bin fuska da ido. Hoton mutum ɗaya buɗe ƙofa sosai, hoton jama'a ko fili ka kai f/5.6 ko f/8. Abin da ke gudu, doki ne ko masunta, koma S ko Tv, inda kai ke zaɓar saurin shota, ka sa 1/1000. Gyara kwanan wata da agogo tun yanzu. Sauke manhajar kamfanin a waya ka haɗa su tun kana gida, in ta yi maka gardama, kuma suna yi, cire memori ka soka a abin karantawa, ya ma fi sauri. In za ka tura wa mutum hoto ta WhatsApp ka tura shi a matsayin dokumen don kar ya matse.

Canjin lensi da hunturu shi ne inda sabon shiga ke kuka, don wagga irin kyamara da ka cire lensi sensa tsirara take, ba madubin da zai tare. Na taɓa canzawa a fili a Argungu iska na kaɗawa, duk hoton da na ɗauka daga nan har yamma da ɗigo bakwai a sararin sama. Yanzu ga yadda nake yi, in kashe kyamara, in shiga mota ko ɗaki ko in juya wa iska baya in lulluɓe da riga, in kwance murfin bayan sabon lensin tukuna, in kifa bakin kyamarar ƙasa, in cire in ɗaura cikin daƙiƙa biyu uku. In ƙura ta riga ta shiga, kifa ta ka hura da famfon roba. Kar ka hura da baki, kar ka sa auduga ko bakin riga. In ta ƙi fita akwai sandunan goge sensa na musamman daidai girmanta, ko ka kai wa wanda ya iya.

In jirgi za ka hau, ko daga filin jirgin Sir Ahmadu Bello ne zuwa Saudiyya, batir na ƙari da fawabank a jakar hannu suke tafiya, ba a sa su a kayan awo, ita ma kyamarar kar ka yarda ta bar hannunka. In ka isa Harami ka bi ƙa'idar ma'aikatan wurin kan ɗaukar hoto, in an ce a mayar jaka a mayar. A mota kuma kar ka bar ta kan dashbod ko cikin but a rana. A hanyoyinmu na nan, in kun doshi shingen jami'an tsaro ta koma jaka tun daga nesa, ba a ɗaukar su ba a ɗaukar bariki. A kasuwa ko ƙauye ka yi sallama ka nemi izini kafin ka ɗaga, musamman wajen mata da ƴaƴan mutane, in an ce a'a ka sauke, in an yarda ka juya sikirin ka nuna musu. Duk dare kafin ka kwanta ka kwafe hotunan ranar zuwa waya ko laftof, ka sa batir a caji, kuma kar ka goge na memorin sai ka dawo gida ka tabbata suna wuri biyu.